Batir Biyu a Motar Asibiti

Motar da na fi daɗewa ina tuƙawa ta wani ƙaramin asibiti ce a Anka. Tsohuwa ce mai shan dizal, mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda direbobi ke ce wa fowil. A takarda an rubuta fara ce, ni dai ban taɓa ganin farinta ba. Kafin in kama tuƙi na yi shekaru a garejin masu gyaran wutar mota a Gummi, saboda haka ni ne direbanta, ni ne kuma mai duba wayoyinta. Ba na barin kowa ya buɗe mata bonet. Ina da wannan hali na ƙin a taɓa mini aiki, kuma ban ce hali ne mai kyau ba.

Wadda nake ɗauka ma'aikaciyar jinya ce. Sista kowa yake ce mata, daga yara har limamai, ni ma ban taɓa kiran ta da wani suna ba. Kirista ce daga kudancin Kaduna, aiki ya kawo ta tun da ƙuruciyarta, furfura kuma ta same ta a wurinmu. Hausarmu ta zauna a bakinta, har da su munka da sunka, sai ranar da ta yi fushi ta koma irin ta gidansu. Sau biyu a mako muke fita ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wani lokaci har mu leƙa gefen Gummi, da allurar rigakafin yara da wasu magunguna na mata masu haihuwa. Waɗannan kaya ba sa shiri da zafi. A bayan mota akwai ɗan firji mai aiki da batir, kuma idan muka faɗa rami shi take fara waiwayawa ta duba, kafin ta tambaye ni ko taya na nan.

Da hanyoyi suka lalace, mutanen daji suka fara tare su, abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya suka daina wuce kwalta. Ban zarge su ba. Ita ta ci gaba da fita, amma da sharaɗi guda, la'asar ta same mu a kan kwalta. 'Ya'yanta sun girma suna aiki a birni, kullum sai sun bugo sun ce ta ajiye aikin nan ta dawo gida haka nan. Ta saurare su ta ce to, gari ya waye ta ɗauki jakarta.

Wata rana a wajen Tungar Daji muka daɗe, firji yana ta jan wuta mota a kashe. Na zo na murɗa makulli sai ƙas, ƙas, shiru. Allah ya sa a kan ɗan tudu na tsaya, mutum huɗu suka tura ta gangara ta tashi. Abin duka bai fi minti goma ba. Amma da muka fara ganin gidajen Anka sai ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "Malam, ni ba aikin nake tsoro ba. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna a nan, ka murɗa makullin nan mota ta yi min shiru. In ta sake yi min haka, na tafi gida."

Ba ta wasa da irin wannan magana. Na kuma san in ta tafi, babu wanda zai sake ɗaukar firjin nan ya wuce da shi kwalta. Na ce ta ba ni kwana uku da motar, ba za ta ƙara jin wannan shirun ba. Sai da na rufe baki na tuna na ƙara da in Allah ya so.

Maganin abin na san shi. Batir biyu ake sa wa mota, ɗaya na tada inji kaɗai, ɗaya na firji da sauran tarkace, sannan a sa wata 'yar na'ura a tsakaninsu. Girmanta kamar gwangwanin madara, da manyan ƙusoshi biyu a ka, da wata siririyar waya a gefe. Idan inji yana aiki sai ta haɗa baturan, altaneta ya cika su tare. Da an kashe mota sai ta raba su. Firji ya sha nasa har ya ƙare, na tada inji yana nan yadda aka bar shi.

Na kai motar Gummi, garejin maigidana wanda ya koya mini aiki, don a can kayan aiki suke. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a benci yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Na yi masa bayanin na'urar, ya juya ta a hannu, ya ce ashe yanzu har rowa ake ƙerawa a sayar. Batir biyu a gida ɗaya, ɗaya na mutuwa ɗan'uwansa na kallo. Nan take ya sa mata suna marowaciya. Na ce masa ai rowar muka fito nema.

Na fara da cire baƙin kan batir, don na taɓa ganin sifana ta narke a hannun mutum, ba na son in sake gani a nawa. Na ɗaura na'urar a bangon ɗakin inji, kusa da batirin farko, nesa da zafin salansa. Wayar da za ta ɗauki wuta dole ta yi kauri. Siririya zafi za ta yi, batirin baya kuma ba zai taɓa cika ba. Na zagaya masu kayan mota ban sami irin wadda nake so ba, kowa sai ya miƙo mini wata mai kaurin roba da ɗan silin tagulla a ciki yana rantsuwa. A ƙarshe wurin masu walda na samo, mai kaurin ɗan yatsa. Batir na biyu ba shi da wurin zama a gaba, sai na sa kafinta ya yi masa akwatin katako a bayan kujera kusa da firji, ya huda masa ramukan shan iska. Daga gaba zuwa baya na bi da wayar ta ƙarƙashin mota a jikin shasi, na zura ta cikin tiyon ruwa duk inda za ta goga ƙarfe, na ɗaure ta taki-taki. Hanyoyinmu suna cin waya kamar gara. Wannan kaɗai ya cinye mini yini guda a kwance a ƙasa.

Fis biyu na sa, ɗaya a bakin kowane batir. Maigidana ya ce ɗaya ya isa, in ya ƙone a naɗa silin waya yadda kowa ke yi. Na ce wayar nan ta kai biyu wuta ke shigar ta, in ta goge ta taɓa ƙarfe a tsakiya kowane batir zai juye mata abin da ke cikinsa, ga tankin mai nan kusa. Muka ɗan yi sa-in-sa. Na ɗaga masa murya, abin da bai kamata ba, ya ce dama tun ina ƙarami bakina ya fi hannuna sauri. Baƙar wayar batirin baya kuwa, sai da na kankare fenti a jikin shasi har ƙarfe ya yi ƙyalli, sannan na ɗaure ta da noti biyu.

Siririyar wayar nan ta gefe ita ke gaya wa na'urar lokacin da za ta haɗa. Da yawa a makulli suke jona ta, da an murɗa ta haɗa. To ka ga a daidai lokacin da kik yake neman ƙarfi ya juya inji, mataccen batirin baya zai zo ya raba da shi, injin dizal kuwa ba ya tashi da rabin ƙarfi. Ni daga altaneta na ɗauko ta, inda wuta ba ta fitowa sai inji ya kama sosai. Rana ta uku da hantsi na ɗora mita. Mota a kashe, batirin gaba ya nuna nasa, na baya ya nuna nasa daban. Na tada ta, aka ɗan jima na ji ƙwas, duka biyun suka hau sha huɗu a mita. Na kashe, ƙwas, suka rabu. Na kunna firji da fitilar ciki na bar su har yamma, batirin baya ya yi ƙasa sosai, na murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya. Na ji daɗi ƙwarai, har na saya wa maigidana goro.

Da na nuna wa Sista, ta ce ita ba ta gane wayoyi, makulli ta sani. Ta sa na kashe na tayar sau uku tana zaune, sannan ta ce mu tafi. Muka yi rani guda muka shiga damina, motar ba ta taɓa yi mata shiru ba. Ta koma yin 'yan waƙoƙin cocinsu a hankali a hanya, abin da ta daɗe da bari. In na tsaya salla ta sauko ta zauna a inuwa tana ɓare gyaɗa, ta ajiye mini rabi. Na ji tana gaya wa babban ɗanta cewa direbanta ya yi wa motar aikin da ko mako za a yi a daji za ta tashi. Ban ce mako ba, amma ban gyara mata ba.

A ƙauyukan nan ba lantarki. Mota na tsayawa, kafin a sauke kaya an kewaye ni da salula da tocila. Ba a iya hana mutane, kuma salula a wurinsu ba ta hira ba ce, da ita ake sanar da juna in an ga babura sun fito daga daji. Sai na ƙara soket da 'yar inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, a kan batirin baya. Sista ta yarda, muddin fitilar firji tana kore. In ta fara ƙyaftawa in cire komai. Ina cirewa kuwa, ko ta wa ce. Na taɓa cire ta wani mai gari, ya yi ta kallona, na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin kujera.

Ƙauyen da abin ya faru yana can bayan Zugu, cikin fadama, kuma garin matata ne. Mahaifinta ne limamin garin. Ni mutum ne mai baki. Na yi cacar baki da masu shinge a hanya, na yi da manyan asibiti, maigidan da ya koya mini aiki ma ban ƙyale shi ba. Amma a gaban wannan dattijo ban taɓa tsayawa a miƙe ba. Tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa cin abinci yana gani ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, kalmar a'a kuwa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Haka muka taso muka ga ana yi da suruki. Shi ma tun da ya ba ni 'yarsa bai taɓa roƙona ko allura ba.

Mun isa da hantsi, an kwana ana ruwa. Na sa giyar taimako muka ratsa laka, na tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya kusa da masallaci. Garin shimfiɗe yake, ba tudu ba gangare. Mai gari ya aiko a ce in kashe inji, ƙarar dizal tana tafiya nesa a fadama, ba a son a san akwai mota a gari. Dama man da ke tanki na komawa ne, na kashe. Sista ta baje kayanta a wani zaure, mata suka yi layi da goyo. Layin ranar ya yi tsawo, don ruwa ya hana mu zuwa makonni. Salula kuwa a bayan mota har an rasa wurin ajiyewa.

Wajen sha ɗaya na hango surukina yana tahowa, mutum biyu na bayansa sun rataye wani ƙaton batir na babbar mota a sanda. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi hanya.

Sannan ya ce, "Ɗana, batirin masallaci na. Kwana huɗu ke nan ba a jin kiran salla sai wanda ak kusa. Kuma ka san ba don salla ɗai muka son lasifikar ga ba. Ka ɗan sam mishi wuta, ko kaɗan ta."

Na san abin da ake kira da lasifikar ban da salla. Farantin hasken rana da ke cika batirin iska ce ta ɗauke shi ta fasa. Na ɗora mita, ba komai a cikinsa. Mataccen batir mai wannan girma in ka jona shi da mai rai ba kurɓa yake yi ba, zuƙa yake har sai sun zo daidai. Wannan tun ina shekara ta biyu a gareji na san shi. Abin da ya kamata in ce shi ne, Baba, a bar shi in tafi da shi Anka in cika shi, in aiko da shi gobe. Magana ce mai sauƙi, yanzu da nake rubuta ta ban ga wahalarta ba. Amma ya zo da ƙafarsa, da mutum biyu, jama'a na kallo, kuma shi ne roƙonsa na farko. Na ce to, Baba.

Na jona shi da batirin baya. Ba a yi minti goma ba inbata ta fara kuka, fitilar firji ta fara ƙyaftawa. Na cire salulan mutane duka, ba ta daina ba. Shi kuwa yana tsaye nan kusa, hannu a baya, yana gaya wa mutane cewa wayoyin motar nan kaf ni na haɗa su da hannuna. In cire batirin masallaci a gabansa ban iya ba. In bar firji ya mutu ban iya ba. Sai na zagaya gaba na buɗe bonet, na ɗauki sifana, na kwance wayar da ke kan ƙusa ɗaya ta na'urar, na ɗora ta kan ɗayar na ɗaure. Aikin kwana uku, minti ɗaya ya ishe ni in warware shi. Baturan suka zama ɗaya, fitila ta koma kore. Na ce a raina rabin awa kawai, sai in tada inji ko mai gari ya so ko bai so ba.

Sai aka aiko daga cikin gida, Inna, mahaifiyar matata, ta ce in shigo. Suruki ba ya cin abinci a waje, ɗaki ake ware masa can ƙuryar gida, a ajiye kwano a ja ƙofa. Tuwon shinkafa ne da miyar kifi, ga fura a gefe. Kafin in sa hannu sai gaisuwa. Ƙannen Inna, gwaggon matata, wata tsohuwa da ta ce ita ta yanke wa matata cibi, kowacce ta zo bakin ƙofa, sai an tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya, da wanda ya yi haƙori da wanda ya fara tafiya. Ba a tashi a bar tsohuwa da gaisuwa a baki. Ina fitowa ana tada azahar, liman kuwa shi ne, ba zan wuce sahu in nufi mota ba. Bayan salla ya riƙe ni da addu'a, da labarin ruwan bana, da gonakin da aka bari ba a shuka ba saboda sun yi kusa da daji. Ina durƙushe ina cewa na'am, hankalina yana ƙarƙashin bonet.

Sai wajen ƙarfe uku na samu kaina. Sista ta gama, ta haɗa kayanta, ta shiga ta zauna da jaka a cinya. Na cire batirin masallaci, aka ɗauke shi ana ta sa mini albarka. Na buɗe bonet kamar mai duba ruwa, na mayar da wayar inda take. Na shiga na murɗa makulli. Kik ya yi wani nishi, ya juya inji rabi, ya tsaya. Na sake. Ƙas.

Ban dubi Sista ba.

Garin duka ya fito tura mota. Amma mota mai wannan nauyi, cikin laka, ba gangare, mutum ashirin iyakarsu su kai ta tafiyar tsohuwa, ina sakin kuloci tayoyi su ja ƙasa su tsaya. Aka kawo shanun noma biyu aka ɗaura igiya, igiyar ta tsinke. Aka dawo da batirin masallaci na gwada, abin da ya sha bai isa ya juya injin dizal ba. Wutar ta rabu uku, ba wanda ya ƙoshi. Batirin babur kuwa wasa ne. Na zagi motar, na zagi laka, na daka wa wani bawan Allah tsawa don ya tura ta inda bai kamata ba, alhali ba shi da laifin komai. Muna cikin haka aka kira la'asar, da lasifika, murya ta fita tangaran har fadama. Sista ta ɗauki jakarta ta sauko daga mota.

Akwai mai injin casar shinkafa a wani gari da ke da batir mai kyau, amma ba wanda zai hau babur zuwa can bayan la'asar, ban kuma nemi kowa ya je ba. Muka kwana. Inna ta shigar da Sista ɗakinta, ta ba ta zane da hijabi don kada ta fita daban in wani abu ya taso. Ba abin da ya taso. Da safe aka kawo batirin a babur, mota ta tashi bugu ɗaya. Firji ya mutu tun kafin magariba. Sista ta buɗe ta ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta ware waɗanda ba za su ƙara amfani ba, kusan duka ke nan. Salularta ma a mace take, don a duk garin ita kaɗai ce ba ta sa caji ba. Daga baya na ji 'ya'yanta sun yi ta bugowa har suka fara kiran mutanen coci a Anka.

Sai da muka hau kwalta ta yi magana. Ta tambaye ni ko na'urar ce ta lalace. Ba ta san wayoyi ba, da na ce e da ta yarda, kuma ba wanda ya ga abin da na yi a ƙarƙashin bonet. Na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Sai na gangara gefen hanya na tsaya, na bar inji yana aiki, na buɗe bonet na nuna mata ƙusoshin biyu. Na gaya mata abin da na yi, da wanda na yi dominsa. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Da na'urar ce, Malam, da sai mu sayi wata. To ka gaya min gaskiya. In mun koma, ya sake zuwa da kansa ya roƙe ka, za ka ce masa a'a?"

Ni da nake da amsar kowa, na tsaya ina kallon fanka tana juyawa. Ta jira ni. Ta ba ni lokaci sosai, ba za a ce ba ta ba ni ba. Sannan ta koma mota ta zauna.

Ba ta kai ƙarata ba. A rahotonta ta rubuta cewa mota ta sami matsalar batir, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ta yi wata guda tana aiki a cikin asibiti ba ta ƙara fita ba, sannan babban ɗanta ya zo da mota ya kwashe kayanta. Ni na ɗaure mata katifa a sama. Ta yi mini sallama da kyau, ta ce in gaida matata. Wanda aka kawo a madadinta saurayi ne mai kirki, ya ce shi iyakarsa kwalta, duk mai son allura ta fito bakin hanya da ɗanta. Daga garin matata zuwa bakin hanya tafiyar rabin yini ce a ƙasa. Firji aka sauke aka kai ofis.

Na ji haushin kaina, na ji haushinta, har dattijon da bai san komai ba na ji haushinsa kwana biyu. Matata kaɗai na gaya wa. Ta ce ai da na faɗa masa yadda abin yake, shi zai fara cewa a cire, da hannunsa ma zai cire. Na ce ta bar maganar. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ban so ji ba.

Da kaka na je garin a babur don gaisuwa. Na sami surukina a zaure a kan tabarma, na cire takalmi na durƙusa. Muka gama gaisuwa.

Ya ce, "Ɗana, an kwan biyu ba mu ga Sista ba. Mata sun dame ni da tambaya. Na bi gida-gida ko wani yaɓ ɓata mata rai ran da tak kwana nan, kowa ya ce ba shi na ba. In kai ka san wanda yay yi, hwaɗa man. Ni da kaina ni ka zuwa in ba ta haƙuri."

Ina kallon tabarma na ce, "Ba kowa, Baba. Gida ta koma."

Ya ce Allah sarki. Ya sa aka fito da rabin buhun sabuwar shinkafa daga rumbunsa, ya ce in kai mata, in ce garin duka na gaishe ta, in kuma hanya ta yi kyau ta daure ta dawo. Ban san ko unguwar da take ba, ban taɓa tambaya ba. Na sa hannu biyu na karɓa, aka ɗaure mini shi a bayan babur.